Yadda ake gane lambar firam, da yadda ake zaƙulo masu raba kowace lamba

Duk wanda ya taɓa zama wurin saukar Alƙur'ani ya san daɗin lamba 60. In mutum biyu ne, kowa ya ɗauki izu talatin. In uku ne, ashirin-ashirin. Huɗu, biyar, shida, goma, sha biyu, sha biyar, ashirin, talatin, duk tana rabuwa daidai wa daida, ba wanda za a ɗora wa ƙari. To ɗauki goro 59 ka ce za ka raba wa jama'a daidai ba tare da ka ɓare ko ɗaya ba. Sai dai ka miƙa wa mutum guda duka, ko ka tara mutum 59 kowa ya samu ɗai-ɗai. Tazarar ɗaya ce tak tsakanin 59 da 60, amma halinsu ko kusa bai haɗu ba.

Irin su 59 ɗin nan su ake kira lambobin firam a ajin lissafi. Lambar firam ita ce cikakkiyar lamba da ta haura 1, wadda babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Masu raba ta biyu ne cif. Shi ya sa 1 ba ta cikin sahu, domin mai raba ta guda ne kawai. Ita kuwa 2 firam ce, kuma ita kaɗai ce cika a cikinsu, sauran duk mara ne.

Abin da za mu yi a nan biyu ne: a ba ka lamba ka tabbatar ko firam ce, in kuma ba firam ba ce ka fito da duk masu raba ta ba tare da ko ɗaya ta ɓuya maka ba. Takarda da biro sun isa. In da kalkuleta a wayarka, aikin ya ƙara sauƙi.

Abin da za ka fara riƙewa: masu rabawa bibbiyu suke tafiya

Idan 4 ta raba 60, to 15 ma ta raba ta, tunda 4 × 15 = 60. Ba mai rabawar da ke zuwa ita kaɗai, kowace da abokiyar tafiyarta, ƙarama da babba. Kana hawa da ƙananan, manyan suna saukowa: 1 da 60, 2 da 30, 3 da 20, 4 da 15, 5 da 12, 6 da 10. Daga nan sun kusa yin karo. Ka gwada 7, ba ta shiga ba. Ka zo kan 8, sai ka ga 8 × 8 = 64, ta wuce 60. Nan ne bakin iyaka. Duk wata mai raba 60 da ta kai 8 ko ta fi, dole abokiyarta ta gaza 8, kuma ka riga ka bi ta kan waɗannan duka.

Wannan iyakar ita ce ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Ba sabon abu ba ne: Fibonacci ɗan ƙasar Italiya ya yi bayaninta a littafinsa na lissafi na 1202, haka ma Ibnul Banna na Marrakesh, wanda ya rasu a 1321, ya yi amfani da ita wajen rage wahalar tace lambobi. Wanda bai san ta ba sai ya yi ta gwaji har hannu ya gaji. Wanda ya san ta kuwa, lamba mai ƙwaya huɗu ba za ta ci masa minti goma ba.

Mataki na 1: dubi ƙwayar ƙarshe

Lambar da ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, biyu na raba ta. Wadda ta ƙare da 0 ko 5, biyar na raba ta. In ka cire 2 da 5 su kansu, duk lambar firam da 1, 3, 7 ko 9 take ƙarewa. Da kallo ɗaya ka kori shida cikin kowace goma.

Mataki na 2: haɗa ƙwayoyin

Tara ƙwayoyin da aka rubuta lambar da su. In 3 ta raba jimillar, ta raba lambar. Misali 387: 3 + 8 + 7 = 18, don haka 3 na raba ta, har ma 9, tunda 9 na raba 18. Wannan gwajin ne ke tona asirin 51, 57 da 87, waɗanda ido ke ɗauka firam ne don kawai ba a saba ganinsu a jadawalin sau ba. 51 dai 3 × 17 ce, 57 kuwa 3 × 19, ita 87 kuma 3 × 29.

Akwai wata gajeruwar hanya da ta haɗa gwajin 2 da na 3. Duk lambar firam da ta wuce 3 maƙwabciyar ninkin shida ce, ko dai ta gaza da ɗaya ko ta ɗara da ɗaya: 5 da 7 suna gefen 6, 11 da 13 gefen 12, 17 da 19 gefen 18. Amma a kula, zama kusa da ninkin shida ba ya mai da lamba firam. 25 na gefen 24, 35 na gefen 36, kuma dukansu suna rabuwa. Gwajin na kora ne kawai, ba na tabbatarwa ba.

Mataki na 3: bakwai, sha ɗaya da sha uku

Nan ne ɗalibai suka fi faɗawa rami. Ka tambayi aji guda ko 91 firam ce, za ka ga hannaye sun tashi ana cewa e. Mara ce, ba ta ƙare da 5 ba, 9 + 1 = 10 uku ba ta shiga. Alhali 7 × 13 ce.

Gwajin 7 shi ne: yanke ƙwayar ƙarshe, ninka ta biyu, ka ɗebe daga abin da ya rage. A 91, ka yanke 1, ta zama 2, 9 − 2 = 7, ta rabu. A 2023, ka yanke 3, ta zama 6, 202 − 6 = 196. In ba ka gane 196 ba ka maimaita: 19 − 12 = 7. Ashe 7 na raba 2023.

Gwajin 11: bi ƙwayoyin kana tsallake ɗaya, ka tara kashi na farko daban, na biyu daban, ka duba bambancinsu. In sifili ne ko ninkin 11, ta rabu. A 341, ƙwayoyin gefe 3 + 1 = 4, ta tsakiya 4, bambanci sifili. Lallai kuwa 341 = 11 × 31. Riƙe wannan lambar, za ta dawo mana can gaba da wani makirci.

Ni dai in lamba ta haura dubu na fi son dabarar 1001, don jifa ɗaya ce take kashe tsuntsu uku. Sirrin shi ne 7 × 11 × 13 = 1001. Ware ƙwayoyi uku na ƙarshe, ka nemi bambancinsu da abin da ya rage a gaba. A 2027, 27 − 2 = 25. Tunda 7 da 11 da 13 ba wadda ke raba 25, ba wadda ke raba 2027. A 2023 kuwa, 23 − 2 = 21, ga bakwai ta sake bayyana.

Mataki na 4: nemo iyaka, sannan ka yi ta rabawa

Daga 17 zuwa sama, irin waɗannan dabaru sun fi rabawar kanta wuya, gara ka raba kai tsaye. Amma kafin ka fara, san inda za ka tsaya. Nemo lamba mafi girma wadda in ka ninka ta da kanta ba za ta wuce lambarka ba.

Mu ɗauki 2027. 40 × 40 = 1600, da sauran wuri. 45 × 45 = 2025, saura kaɗan. 46 × 46 = 2116, ta wuce. Iyakarmu 45 ke nan.

Kuma ba kowace lamba daga 2 zuwa 45 za ka gwada ba, firam kaɗai. Dalili a fili yake: in 2 ba ta shiga ba, 4 da 6 da 8 ba za su shiga ba. In 3 ta ƙi, 9 da 15 da 21 ma sun ƙi. Lambobin firam da ba su wuce 45 ba guda 14 ne, kuma mun riga mun sallami shida daga ciki, wato 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Ga sauran takwas:

- 17 × 119 = 2023, saura 4
- 19 × 106 = 2014, saura 13
- 23 × 88 = 2024, saura 3
- 29 × 69 = 2001, saura 26
- 31 × 65 = 2015, saura 12
- 37 × 54 = 1998, saura 29
- 41 × 49 = 2009, saura 18
- 43 × 47 = 2021, saura 6

Ba wadda ta shiga ba saura. 2027 firam ce, kuma wannan ba zato ba ne, tabbas ne.

Yanzu dubi layin ƙarshe da kyau. 43 × 47 = 2021. Da 2021 aka ba ka, za ta tsallake gwaji goma sha uku lafiya lau, sai a na sha huɗu ta faɗi. Wanda ya gaji ya ajiye biro a kan 37 ko 41 ya ce ai shi ke nan, ya yi aikin baban giwa. Iyaka ba a rage mata ko taku ɗaya.

Ga irin waɗannan lambobi da masu raba su ke maƙale da juna kusa da iyaka, akwai wata dabara da ake jingina wa Ferma, masanin Faransa. Duba ko lambar ta gaza wani murabba'i, wato abin da ake samu in an ninka lamba da kanta, da wani murabba'in. 2021 ta gaza 2025 da 4. 2025 ita ce 45 × 45, 4 kuma 2 × 2. Sai ka ɗebe 2 daga 45, ka kuma ƙara mata 2: 43 da 47. Haka 221 take 225 − 4, wato 13 × 17. Haka 899 take 900 − 1, wato 29 × 31.

In da kalkuleta kake aiki, abin da kake nema shi ne amsa ta fito ba ɗigo a bayanta. Sai dai in lambar ta yi tsawo, allon kan datse wutsiyar amsar ya nuna maka kamar ta rabu. Maganin wannan shi ne ka ninka amsar da abin da ka raba da shi ka ga ko ka dawo gida. A Excel, in ka rubuta =MOD(2027,17) zai ba ka saura kai tsaye, wato 4.

In jerin lambobin firam kake so: rariyar Eratostenis

Mataki na 4 na bukatar ka san ƙananan lambobin firam a ka. Hanyar samo su ta girmi shekara dubu biyu. Eratostenis, mutumin Kirene da ke Libiya ta yau, wanda ya shugabanci babban ɗakin karatu na Iskandariyya a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, shi ake jingina wa ita. Tankaɗe ne sosai, tsaki ya tsaya gari ya wuce.

Rubuta 2 zuwa 100. Kewaye 2, ka soke duk ninkinta. Lamba ta gaba da ba a soke ba ita ce 3, kewaye ta, ka soke ninkinta daga 9. Sai 5, ka fara soka daga 25. Sai 7, daga 49, kuma uku kacal za ka tarar ba a riga an soke ba: 49, 77 da 91. Ka zo kan 11, 11 × 11 = 121, ta wuce 100, aiki ya ƙare. Abin da ya tsira guda 25 ne:

2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43, 47, 53, 59, 61, 67, 71, 73, 79, 83, 89, 97.

Wanda ya haddace waɗannan zai iya yanke hukunci a kan kowace lamba da ba ta kai 10,000 ba. Ƙasa da 1000 kuwa lambobin firam 168 ne. Suna ƙara tazara in ana hawa, amma ba sa ƙarewa, Yuklid, masanin lissafi na Girkawa, ya kafa hujjar haka tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Mataki na 5: in ba firam ba ce, farfasa ta

Kowace lamba da ta haura 1, ko dai firam ce, ko kuma ginin lambobin firam ce, kuma tubalan ginin ba sa canzawa ko ta ina ka faro. Fara da mafi ƙanƙantar firam da ke shiga, ka yi ta rabawa da ita har ta ƙi, sannan ka matsa gaba.

Ƙananan hukumomin Nijeriya 774 ne, mu gwada da ita. Raba biyu, 387. Biyu ta ƙi. Raba uku, 129. Raba uku kuma, 43. A nan ka sake duba iyaka, domin iyakar tana saukowa tare da lambar: 7 × 7 = 49 ta wuce 43, kuma 2, 3, 5 ba su shiga, don haka 43 firam ce. 774 = 2 × 3 × 3 × 43.

Mataki na 6: ƙirga masu rabawa kafin ka fara jera su

Wannan matakin mutane kan tsallake shi, alhali shi ke hana ɓatan kai. Duba sau nawa kowane tubali ya fito, ƙara ɗaya a kan kowanne, ka ninka su. A 774, biyu ta fito sau 1, uku sau 2, 43 sau 1. Sai 2 × 3 × 2 = 12. Ga su nan a bibbiyu: 1 da 774, 2 da 387, 3 da 258, 6 da 129, 9 da 86, 18 da 43. Sha biyu cif. Da goma ka samu, ka san akwai biyu da suka maƙale.

Me ya sa ake ƙara ɗaya? Ɗauki 360 = 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5. Duk mai raba ta daga waɗannan tubalan za a gina ta. Wajen biyu kana da zaɓi huɗu: ka ɗauki ɗaya, biyu, uku, ko kar ka ɗauka sam. Wancan rashin ɗaukar shi ne ɗayan da ake ƙarawa. Wajen uku zaɓi uku, wajen biyar zaɓi biyu. 4 × 3 × 2 = 24. Jera su ka gani: 1 da 360, 2 da 180, 3 da 120, 4 da 90, 5 da 72, 6 da 60, 8 da 45, 9 da 40, 10 da 36, 12 da 30, 15 da 24, 18 da 20. Ka tsaya nan, don 19 × 19 = 361.

In adadin ya fito mara, kar ka ɗauka ka yi kuskure. Murabba'i ce lambar, kuma mai rabawa ta tsakiya ita ce abokiyar kanta. 2025 masu raba ta 15 ne, 45 ce ke zaune a tsaka.

Wani abin sha'awa da magabata suka ɓata lokaci a kai shi ne tara masu raba lamba ban da ita kanta. Na 6 su ne 1, 2, 3, jimilla 6, ta dawo kanta. Haka 28, da 496, da 8128. Na 220 kuwa in ka tara 284 za ka samu, na 284 kuma su ba ka 220. Larabawa suka sa musu suna lambobi masu ƙaunar juna, kuma Sabit bin Ƙurra ya fitar da ƙa'idar samo irinsu a Bagadaza tun ƙarni na tara.

In lambobi biyu ne: me suka yi tarayya a kai?

Ba sai ka farfasa su ba. Raba babbar da ƙaramar, ka ɗauki saura ka raba ƙaramar da shi, haka haka har saura ya zama sifili. 774 da 360: 360 ta shiga sau 2, saura 54. 54 ta shiga 360 sau 6, saura 36. 36 ta shiga 54 sau 1, saura 18. 18 ta shiga 36 sau 2, ba saura. Babbar mai raba su duka 18 ce. In abin ya ƙare a kan 1, ba su haɗa komai ba.

Malaman rabon gado sun daɗe da wannan aiki, da sunayensu na tamasuli, tadahuli, tawafuƙi da tabayuni. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata biyu, ba wani magaji. Matar na da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, don haka asalin mas'ala 8 ne, ta ɗauki 1, saura 7. Kawunan 'ya'ya 6 ne, tunda namiji na da rabon mace biyu. 7 da 6 ba abin da ke raba su sai 1, tabayuni ke nan, sai a ninka 8 da 6 a samu 48. Mata ta ɗauki 6, kowane ɗa 14, kowace 'ya 7. Hukuncin na malamai ne, ni lissafin kawai na nuna.

Inda takarda da biro suka gaza

Lamba mai ƙwaya 40, iyakarta na da ƙwaya 20. Kwamfutar da ke gwada lamba biliyan ɗaya kowace daƙiƙa, in bi-da-bi za ta yi, za ta iya haura shekara 3000. Dole a canza hanya.

A 1640 Ferma ya lura da wani abu. In lamba firam ce, mara, ka jera 2 sau adadin da ya gaza lambar da ɗaya, ka ninka su, ka raba da lambar, saura 1 ne kullum. Gwada 7: 2⁶ = 64, bakwai ta shiga sau 9, saura 1. Gwada 9: 2⁸ = 256, tara ta shiga sau 28, saura 4. Tunda ba 1 ba ne, 9 ba firam ba ce, kuma mun gane haka ba tare da mun nemo mai raba ta ba.

Matsalar ita ce akwai masu shigar burtu. Ga 341 ɗinmu ta dawo. 2¹⁰ = 1024, wato 341 × 3 da saura 1, don haka 2³⁴⁰, wadda take 2¹⁰ an jera ta sau 34 an ninka, ita ma saura 1 za ta bari, alhali mun san 11 × 31 ce. In ka sauya 2 da 3 asirinta ya tonu, saura 56 ne. Amma 561, wadda take 3 × 11 × 17, tana tsallake gwajin da kowace lamba da ba ta yi tarayya da ita ba. Saboda haka gwajin Ferma in ya ce a'a, a'a ɗin ce. In ya ce e, a ƙara bincike. Manhajojin yau sun fi amfani da gwajin Miller da Rabin, wanda ya toshe wannan kafa, ana maimaita shi har shakka ta zama ba abin a zo a gani ba. A 2002 kuma masana uku a Kanpur ta Indiya, Agrawal da Kayal da Saxena, suka fito da hanyar da ke ba da tabbaci ba tare da lokacin aikin ya tashi sama da hankali ba.

Shi kansa Ferma zato ya taɓa kayar da shi. Ya ɗauka 2³² + 1, wato 4,294,967,297, firam ce, sai a 1732 wani masanin lissafi mai suna Oila ya nuna 641 × 6,700,417 ce. Gane cewa lamba ba firam ba ce abu ɗaya ne, gano masu raba ta wani abu ne daban, kuma na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba. A kan wannan giɓin aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977: ninka manyan lambobin firam biyu aikin ƙiftawar ido ne, warware su kuwa ya gagari kwamfuta. A watan Oktoba na 2024 aka gano wata lambar firam mai ƙwaya 41,024,320, wato a jera 2 sau 136,279,841 a ninka, a ɗebe 1.

Kafin ka tashi, gwada hannunka da uku: 1447, 1457 da 1960. Iyakar biyun farko 38 ce, tunda 38 × 38 = 1444, 39 × 39 kuma 1521. Ɗaya firam ce, ɗayar kuwa ba za ta ba da kai ba sai ka iso 31. Ita 1960, in ka farfasa ta daidai za ka samu biyu sau uku, biyar sau ɗaya, bakwai sau biyu, kuma jerinka bai cika ba sai ka ƙirga masu rabawa 24.